Zan iya sa risiba ta naɗi shiri daga wayata ba tare da data ba?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga Wasagu, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, jihar Kebbi. Mai tambayar malamin firamare ne da ke taɓa noma. Ya ce ya shiga wani shagon kayan lantarki a Zuru, ya tarar da mai shagon yana latsa wayarsa, wai yana sa risibarsa ta naɗi wani shiri da za a yi da dare. Abin ya ba shi sha'awa, domin shi da damina daga makaranta sai gona, ba ya shigowa gida sai magariba, wata rana kuma yana Ribah ko kasuwar Bena, shirye-shiryen da yake so duk su wuce shi. Mahaifiyarsa ma tana son tafsiri, amma lokacin da ake sa shi ya yi daidai da lokacin girki. Damuwarsa biyu ce. Sabis a wajensu yau akwai gobe babu, ga data ta yi tsada, shin wannan aiki sai da data? Idan kuma ya fita da wayar, naɗin zai tsaya?

Malam, na gode da wannan tambaya, na kuma ji daɗinta, domin mutane da yawa suna da irinta a zuci. Amsar a taƙaice ita ce abin yana yiwuwa, ba ya cin data, kuma fitarka da waya ba za ta tsayar da naɗin ba. Sai dai ba kowace risiba ce ke yi ba, sannan akwai abubuwa biyu da suka fi wayar muhimmanci a wannan aiki, wato agogon risiba da wutar lantarki. Bari mu bi su a hankali.

Mu fara da abin da ya fi rikitar da mutane. Yawancinmu mun fara sanin Wi-Fi ne a wurin da ake shiga intanet da shi, a ofis ko makaranta ko otal, shi ya sa muka ɗauka abu ɗaya ne da intanet. Wannan fahimta tana da dalili, amma abubuwa biyu ne. Wi-Fi hanya ce da na'urori biyu ko fiye da ke kusa da juna suke magana ta iska, da igiyar rediyo mai gajeren zango. An fitar da ƙa'idojinsa na farko a 1997, sunan Wi-Fi kuwa ya zo a 1999. Intanet kuma shi ne haɗin da ke fitar da kai daga gidanka zuwa sauran duniya, shi ne kamfanonin waya ke sayar maka da sunan data. Ka ma riga ka san wannan bambanci a aikace. Duk ranar da abokinka ya tura maka fim ko karatu ta Xender, Wi-Fi wayoyinku suka yi amfani da shi, kuma ko kwabo ba a cire maka ba. Ko a tsakiyar gona kuke, inda babu sandar sabis ko ɗaya, turawar za ta yi. Lokacin da aka rufe layukan waya a maƙwabciyarku Zamfara a watan Satumba na 2021, kira da data ne suka tsaya. Wayoyi biyu da ke ɗaki ɗaya sun ci gaba da tura wa juna abubuwa kamar kullum. To irin wannan haɗin ne ake yi tsakanin waya da risiba.

Gajeren zangon nan yana da iyaka. A fili yakan kai mita 30 zuwa 50, wani lokaci fiye, amma bangon siminti da ƙofar ƙarfe da kwano suna rage shi ƙwarai. Daga tsakar gida ko zaure za ka iya ba risibar da ke falo umarni. Daga Bena ba za ka iya ba, sai an shigo da intanet cikin maganar. Saboda haka tsarin da ya dace da kai shi ne ka saita komai kafin ka fita.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu. Wayar ba ita ke naɗin ba. Matsayinta na ɗan aike ne: ta kai saƙo, ta ce a tasha kaza, ranar kaza, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza a naɗa, shi ke nan aikinta ya ƙare. Risiba ce ke rubuta wannan saƙo a ƙwaƙwalwarta, ta riƙa duba agogonta, idan lokaci ya yi ta farka da kanta, ta koma tashar, ta zuba hoton da ke saukowa daga dish cikin filash ɗin da ka soka mata. Ko ka kashe wayar, ko cajinta ya ƙare a gona, saƙon yana nan. Talabijin ma ba sai tana kunne ba, domin aikinta nuna hoto ne kawai.

Wannan dabara ta girmi wayar hannu. Waɗanda suka yi zamanin bidiyo mai kaset za su tuna akwai agogo a gabansa, ana iya saita shi ya naɗi shirin talabijin, ko da yake kaɗan ne suka damu da koyon yadda ake yi. A 1999 aka fito da TiVo a Amurka, wadda ta maye gurbin kaset da ma'adanar kwamfuta. Abin da waya ta ƙara shi ne sauƙi. Rubuta lokaci da yatsa a kan fuskar waya ya fi bin lambobi ɗaya bayan ɗaya da rimot, kuma kana iya yi ba tare da ka katse wa masu kallo kallonsu ba.

Yanzu sai a duba wace irin na'ura ke gidanka. Dikodojin da ake biyan kuɗin wata suna da nasu tsari. A kan Explora ta DStv, misali, umarnin da aka bayar daga waya yana bi ne ta intanet, ya je kamfanin, sannan ya dawo dikodar, don haka dole dikodar ta kasance tana da intanet. Abin da ta naɗa kuma a kulle yake, a kanta kaɗai ake kallonsa, ba a kwafe shi zuwa waya. Ƙananan dikodojin biyan kuɗi da yawa ma ba sa naɗi sam. Kafar filash da ke jikinsu ba ta naɗi ba ce.

Wadda ta fi dacewa da tambayarka ita ce risibar tashoshin kyauta, irin su Strong da Starsat da Tiger da makamantansu, waɗanda ake kama Arewa24 da Sunnah TV da tashoshin Makka da Madina da su. Duba jikin kwalinta ko gabanta. Idan ka ga haruffan PVR, ma'anarsu tana iya naɗi a filash. Idan rimot ɗin yana da maɓalli mai jan ɗigo, shi ma alama ce. Sai ka shiga jerin saitunanta ka nemi wurin da aka rubuta Network ko Wi-Fi. Wasu sababbi suna zuwa da Wi-Fi a cikinsu, amma yawanci sai ka sayi 'yar eriyar Wi-Fi da ake sokawa a kafar filash, wadda masu shago ke kira dongul. A nan ka yi hattara, domin risibobi suna da zaɓe. Waɗanda aka fi samun sun karɓa su ne masu lamba RT5370 ko MT7601 a jikin kwalinsu. Shawarata ka ɗauki risibar ka je da ita shagon, a gwada a gabanka kafin ka ba da kuɗi. Ka kuma ƙirga kafofin filash ɗinta. Idan ɗaya ce tak, dongul da filash za su yi rigima a kanta, sai ka haɗa da 'yar na'urar da ke raba kafa ɗaya zuwa uku ko huɗu.

Manhajar da za ka sa a waya ta danganta da irin risibar. Da yawa daga cikin waɗannan suna aiki da wata mai suna G-MScreen, wadda ke mayar da waya rimot, ta nuna jerin tashoshi, har ta kawo hoton tashar kan wayar. Abin da manhajar za ta iya ya bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan, littafin da ya zo cikin kwalin shi zai faɗa maka. Akwai kuma manyan risibobi masu tsada irin su Dreambox da Vu+, masu aiki da tsarin da ake kira Enigma2. Su ba sa ma buƙatar manhaja ta musamman: ka buɗe Chrome a wayarka, ka rubuta lambar risibar, sai shafinta ya buɗe da tashoshi da jadawali da wurin saita naɗi. Mai son manhaja kuma akwai dreamDroid. Sauke manhajar ne kaɗai zai ci 'yar data, sau ɗaya, kuma ka sauke ta daga Play Store, kada ka karɓi wadda ba ka san asalinta ba.

Haɗa su ba wuya. Idan kana da rauta ko MiFi, wato 'yar na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, ka haɗa waya da risiba duka a kanta, ko da babu data a layin da ke ciki. Idan ba ka da ita, wayarka ta Tecno ko Infinix ko Itel ta isa. Kashe data, kunna hotsifot, wato wurin da waya ke zama mai raba Wi-Fi da kanta, ka sa masa kalmar sirri mai aƙalla harafi 8. Ka koma kan risiba da rimot, ka sa ta nemi Wi-Fi, za ka ga sunan wayarka ya fito a talabijin, ka zaɓe shi ka rubuta kalmar sirrin. Idan ta haɗu za ta nuna wata lamba mai gida huɗu da ɗigo a tsakaninsu, sau da yawa tana farawa da 192.168. Wannan ita ce adireshin risibar a cikin gidanka, ita ce lambar da na ambata ɗazu. Rubuta ta a takarda, amma ka sani tana iya canzawa idan an kashe an kunna.

Na ce ka kashe data ne saboda dalili biyu. Idan tana kunne, risibar za ta iya jan ta ba da saninka ba. Sannan idan ta rauta marar intanet ka haɗa, wasu wayoyin da zarar sun ga Wi-Fi ɗin babu intanet sai su sake shi su koma kan layinsu a ɓoye, kai kuma kana ta mamakin me ya sa manhajar ta kasa ganin risiba. Idan wayar ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a kan wannan Wi-Fi duk da babu intanet, ka ce mata e.

Saita naɗin kansa iri biyu ne. Wasu tashoshi suna aiko da jadawalin shirye-shiryensu tare da hoto, abin da ake rubuta wa EPG a jikin rimot. Inda akwai shi, ka taɓa sunan shirin ka zaɓi naɗi, an gama. Amma tashoshin kyauta da yawa ba sa aiko da shi, ko su aiko da na shirin da ake yi da wanda ke biye kawai. A nan sai ka shiga wurin da aka rubuta Timer ka cika da hannu: tasha, rana, lokacin farawa, lokacin gamawa, sannan ko sau ɗaya ne, ko kullum, ko mako-mako. Tafsirin da Hajiya mahaifiyarka ke so a watan azumi sai ka sa masa kullum. Shirin mako kamar Daɗin Kowa ka sa masa mako-mako. Ka tabbata ka zaɓi Record, domin akwai wani zaɓin da kawai yake kunna tashar a kalla, ba ya naɗa komai. Kuma ka bar rara, minti 5 kafin farawa, minti 15 bayan gamawa. Tashoshinmu ba kullum suke fara shiri a kan minti ba, malamai kuma sukan zarce da addu'a ko amsa tambaya. Ƙwallo idan wasan kofi ne da za a iya ƙara lokaci, ka ƙara masa awa guda cur.

Yanzu ga inda aikin ya fi lalacewa, kuma ina so ka ba shi hankalinka. Yawancin ƙananan risibobi ba su da batirin agogo a ciki. Daga tauraron ɗan'adam suke karɓar lokaci, kuma lokacin da ake aikowa na GMT ne, Najeriya kuwa tana gaba da GMT da awa ɗaya duk shekara. Idan wanda ya haɗa maka dish bai saita wannan ba, agogon risibarka zai zauna baya da awa guda, ka saita ƙarfe 8 ta fara naɗi ƙarfe 9, bayan shirin ya ƙare. Shiga saitin lokaci ka sa GMT+1, ka kashe abin da aka rubuta Summer Time, domin na ƙasashen Turai ne. Wasu tashoshin kuma lokacin da suke aikowa ba daidai ba ne. Ka lura da tashar da agogon ke yin daidai a kanta, ka riƙa barin risibar a nan kafin ka fita.

Akwai kuma lokacin da tashar kanta ke sanarwa. Idan tashar Saudiyya ta rubuta ƙarfe 9 na dare agogon Makka, a Wasagu ƙarfe 7 ne, domin suna gabanmu da awa 2. Ingila ta fi rikitarwa, saboda suna matsar da agogonsu sau biyu a shekara. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu da nasu ɗaya ne, wasan ƙarfe 3 na ranar Asabar a can ƙarfe 3 ne a nan. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris kuwa, wasan nan na ƙarfe 3 ya koma ƙarfe 4 a wajenmu. Kullum ka mayar da lokaci zuwa na gida kafin ka rubuta.

Sai wuta. Risiba tana iya naɗi tana cikin barci, wato ka kashe ta da rimot, 'yar jar fitilar gabanta tana kunne. Amma idan ka kashe soket ko aka ɗauke wuta, ba abin da za ta iya. A ganina nan ne kuɗinka ya fi cancantar zuwa. Abin farin ciki, risiba ba ta da ci. Yawancin ƙananan suna aiki da bolt 12, cinsu kuma bai wuce wat 10 zuwa 15 ba har da abin da suke ba kan dish, alhali talabijin mai inci 32 takan ci ninki uku na haka ko fiye. Ƙaramin batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 7Ah, irin wanda ake sa wa na'urar riƙe wutar kwamfuta, zai riƙe risiba ita kaɗai wajen awa 3 zuwa 4 ba tare da an tatse shi ba. Idan kana da sola a gida, ka sa mai gyara ya ja wa risibar layinta daban daga batir. Ya fara duba rubutun da ke jikin cajarta tukuna, kuma ya bi ta na'urar daidaita ƙarfin wuta, domin batirin da ke kan caji ƙarfinsa yakan haura bolt 14, ba kowace risiba ke jure hakan ba.

Ruwan sama ma yana da nasa. Ƙasar Zuru ba ta rasa ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, kuma hadari mai kauri yana tare siginar tauraron ɗan'adam. Za ka dawo ka tarar hoton ya farfashe gida-gida na 'yan mintoci, murya tana tsinkewa, sannan ya dawo daidai. Risibar ba ta lalace ba, abin da ya iso gare ta ne ta naɗa. Dish mai faɗi da aka ɗaure tamau ya fi jurewa.

Game da filash, tasha mai hoto na yau da kullum takan ci gigabait 1 zuwa 2 a awa, mai hoton HD kuwa 3 zuwa 4 ko fiye. Filash mai gigabait 32 zai ɗauki wajen awa 15 zuwa 30 na hoto na yau da kullum, ya ishi tafsirin mako biyu idan awa guda ake yi a rana. Ka bar risibar ta wanke filash ɗin da kanta kafin fara aiki, bayan ka kwashe abin da ke ciki. Idan ka ga dogon shiri ya rabu gida biyu ko uku, kada ka damu. Tsarin da ake kira FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, shi ya sa take yanka shi. Abin da ya fi damuna shi ne filash na jabu da suka cika kasuwa, a rubuta 64 a jiki alhali cikinsa bai kai 8 ba. Irin wannan zai nuna maka ya naɗa, sai ka zo kallo fayil ya ƙi buɗewa. Idan farashin ya yi araha fiye da kima, ka bar shi.

Ka kuma sani yawancin waɗannan risibobi mashigar sigina ɗaya gare su. Idan tana naɗar tafsiri, yara ba za su iya komawa kowace tashar da suka ga dama ba, sai 'yan tashoshin da ke kan mita ɗaya da wadda ake naɗa. Gara ka sanar da mutanen gida lokutan, kada wani ya ga ta ƙi canzawa ya zare ta daga wuta.

Abin da aka naɗa daga tashar kyauta ana iya kwafe shi zuwa waya, manhajar VLC tana buɗe shi, Hajiya ta saurara a ɗakinta ko a madafa. A nan ina da roƙo. Ka naɗa domin gidanka. Kada ya zama hajar da za a kai shagon tura finafinai ana sayarwa. Masu shirya finafinan Hausa sun sha wahalar satar fasaha har kasuwar faifai ta durƙushe, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta hana irin wannan ciniki. Mutanen da suka yi shirin da kake jin daɗinsa, da shi suke ciyar da iyalansu.

Idan ka duba ka ga risibarka tana da PVR amma ba ta karɓar Wi-Fi, kada ka yi gaggawar sayen sabuwa. Duk abin da na faɗa game da Timer ana yin sa da rimot, sakamakon kuma ɗaya ne. Kuɗin sabuwar risiba gara ka sa shi a batir da filash mai kyau, wayar ta biyo baya idan hali ya yi.

Kafin ka dogara da tsarin a kan shirin da ba ka son rasawa, yi gwaji wata ranar da kake gida. Duba agogon risiba ya yi daidai da na wayarka, saita naɗin minti 10 da zai fara nan da rabin awa, kashe risibar da rimot, kashe talabijin, kashe hotsifot. Idan lokacin ya wuce, ka kunna ka shiga wurin fayilolin filash. Idan ka tarar da shi kuma ya buɗe, sai ka saita na Hajiya. Idan babu, fara duba agogo, sannan ko Record ka zaɓa, sannan filash ɗin, kuma ka sake rubuto mana da sunan risibar da lambar samfurinta domin mu duba tare.